Ramuka Ashirin da Biyar

A ɗakin ƙasa na gidanmu a Ostend,
inda gishirin teku ke cin ƙarfe ko taga na rufe,
na ɗora katako kan kujeru biyu
na huda masa ramuka ashirin da biyar.
Na sha bakwai ya ɗan karkace.
Na dube shi, ya dube ni. Na ƙyale.

Wata tara ina fama.
Dalma ta ƙona mini babban yatsa sau uku.
Wayoyi ja da shuɗi sun harɗe a ƙasa
kamar tanar da Baba ke sa wa ƙugiya.
Ƙusoshin tagulla ɗari da 'yan kai,
kowace sai na auna tsakaninta da 'yar'uwarta,
in buga, in gangaro da ƙwallo, in saurara, in cire.
Sifirin kuwa a kasuwar tsofaffin kaya ta Ghent na samo,
wajen wani tsoho da ya rantse
daga injin gaske aka ciro shi.
Ƙarya yake. Amma sifirin yana aiki.

Ɗana Joris ya leƙo daga matakala:
"Mama, ina fukafukan?
Da me za a maido ƙwallo in ya gangaro?"
Na ce ba a maido shi.
Ya yi dariya, ya koma kan wayarsa.

Ba a maido shi, Joris.
Haka injin bingo na shagon Lutgarde yake,
can bakin tashar jiragen kamun kifi,
inda kakanka Achiel ke tsayawa duk Asabar,
ƙarni bai gama barin rigarsa ba,
ni kuma bisa akwatin kwalabe don idona ya kai gilashi.
Ƙwallo biyar ake ba ka. Ka ja, ka saki.
Daga nan ya zama zarar bunu.
Abin da ya rage maka, tafin hannu a gefen katako,
ɗan turi kaɗan,
irin na mai gyara wa jariri kwanciya.
Ka wuce gona da iri, injin ya yi zuciya,
ya ɗauke wuta, ya haɗiye kuɗinka,
ya bar ka da fuskarka a baƙin gilashi.

Ban taɓa ganin Baba ya sa shi zuciya ba.
Mutumin da ke fasa faranti a gida,
mai buga ƙofa har ƙusa ta zare,
a nan kaɗai na ga hannunsa ya iya lallami.
Yakan sunkuya yana yi wa ƙarfe raɗa:
je ki tara, 'yar albarka, je ki tara.
Ni ina gefe, ina kishin ƙwallo.

An ce in sa 'yar kwamfuta ta yi lissafin shiru.
Na ƙi. Ƙarar nake nema,
ƙas-ƙas-ƙas ɗin ƙarafa a cikin ciki,
kamar injin na tauna haƙori kafin ya faɗi hukunci.

Daren Laraba na jona wuta.
Lambobi suka farka bi da bi,
ban da tara. Ƙwanta ya mutu tun a kwali.
Na zauna a ƙasa na yi dariya har na share ido.

Sannan na miƙe na ja sanda.
Ƙwallo ya hau, ya kewaya, ya fara gaisawa da ƙusoshi,
ya wuce huɗu, ya raina sha ɗaya,
ya zo bakin karkataccen ramina ya tsaya yana shawara.
Sai na ga hannuwana a gefen katako,
yatsu a buɗe, kafaɗa a sunkuye.
Ba ni na koya musu ba.

Ƙwallo ya faɗa. Sha bakwai ta kama.
A bayana matakala ta yi ƙara.
"Saura nawa?" in ji Joris.
Huɗu, na ce. Zo. Kada ka tura da ƙarfi.